Alamomin da Dakta Ubaidullah Ya Goge

Akwai wani likitan haƙori a Levenshulme, sunansa Ubaidullah. Gwani ne a aikinsa, kuma ya san da hakan fiye da kima.

Yana jariri mahaifinsa ya tafi karatu Birmingham, a 1975, bai sake dawowa Kano ba. Daga baya aka ce ya rasu a wani ɗaki a Balsall Heath, wata unguwa a can Birmingham. Ubaidullah ya tashi da ciwon abu ɗaya a ransa: mutumin nan ya manta da su tun ranar da ya hau jirgi.

Mahaifiyarsa, Hajiya Batulu, kullum musa masa take yi. Tana da wata sarƙar hannu mai 'yan kayan ado shida na azurfa: jirgin ruwa, motar bas, agogo da sauransu. Takan ce mahaifinsa ne ya riƙa aiko su ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa gani yake a kasuwar Sabon Gari ta saya don ta rufa wa mijinta asiri.

Da ta rasu, aka aiko masa da sarƙar, duk ta yi baƙi. Ya ajiye ta a kan teburin ofis, da niyyar gyara wa 'yarsa Shifa.

Baba Iddrisu, dattijo ɗan Ghana mai share asibitin, ya gan ta ya tsaya.

"Doctor, kar ka yi polishing ɗin nan. Shekara ashirin na yi a shagon maƙeran azurfa a Birmingham. Ka ga ƙananan ramukan nan? Hallmark ne, hatimin da ake buga wa azurfa. Gobe in kawo gilashina, zan faɗa maka garin da aka buga su da shekarar."

Ubaidullah ya yi dariya. "Baba, scratches ne kawai. Ka ji da floor ɗinka, ni zan ji da wannan."

Dattijon ya ja bokitinsa ya wuce.

A hutun rana Ubaidullah ya ɗauko injin da yake gyaran haƙori da shi. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya ya shafe su sumul. Biyar ya gama, aka ce mara lafiya na jira, sai jirgin ruwan ya tsira.

Washegari Baba Iddrisu ya zo da gilashinsa duk da haka. Ya ɗauki jirgin ya daɗe yana duba ramukan da ke jikinsa.

"Ga ƙarfen tsayar da jirgi, alamar Birmingham ke nan. Ga zaki, azurfa ce ta gaske. Ga harafin E. Doctor, wannan 1979 ne."

Ashe ba daga Sabon Gari ba ne. Shekara huɗu bayan tafiyarsa, mahaifinsa yana tsaye a wani shago yana zaɓa musu tsaraba. Hajiya gaskiya take faɗa, kuma ta mutu ɗanta bai yarda da ita ba.

Ubaidullah ya tura sauran biyar ɗin gaban dattijon.

"Baba, don Allah duba waɗannan. Wanne ne na ƙarshe? Har wace shekara yake tunawa da ni?"

Baba Iddrisu ya juya su ɗaya bayan ɗaya. Sai ƙyalli suke yi kamar sabon cokali. Ya cire gilashin, ya sa a aljihu.

"Ya rubuta maka amsar, Doctor. Jiya ka goge ta."

Darasi: Kada matsayinka ya toshe maka kunne. Wanda kake rainawa yana iya riƙe da ilimin da ba ka da shi, kuma wata ɓarnar ba ta gyaruwa ko ka yi kuka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda iyayensu ke raye, su saurare su tun da sauran lokaci.