Inabin Inna Norbibi

A wani ƙauye na kwarin Fargana an yi wani manomi mai suna Ergash. Mutum ne mai kirki da sakin hannu, amma Allah ya yi shi da gaggawa da son a gani. Ko shayi aka zuba masa sai ya ƙona harshe.

A tsakar gidansu akwai tsohuwar kurangar inabi da ta lulluɓe rumfa, a ƙarƙashinta gadon katakon da ake zama a ci abinci. Mahaifiyarsa, Inna Norbibi, ita ta zo da reshenta cikin kayan aurenta, kuma duk yankin babu mai irinta. Wata shekara aka yi mugun sanyi, gindin ya tsage, kurangar ta mutu. Abin da ya rage kawai shi ne damin rassan da aka datse a lokacin kaka, aka adana cikin yashi. Tsohuwa ba ta yi kuka ba, sai dai ta daina zama a tsakar gida. Abu ɗaya ta roƙa, ta sake ɗanɗana inabinta kafin ta koma ga Allah.

Da sanyi ya fara sauƙi, Oydin matar Ergash ta ce a yi yadda aka saba. A daddatse ɗanyun tsinken tol, bishiyar nan ta bakin hanyar ruwa wadda duk inda reshenta ya faɗi sai ya kama, a jiƙa su, a tsoma gindin rassan inabin su sha ruwan, don abin da ke sa tol saurin saiwa ya shige su. Daga nan a binne su kai ƙasa gindi sama, rana ta ɗumama gindin, idanun toho kuwa su ci gaba da barci cikin sanyi.

Ergash ya yi dariya. "Haba Oydin, mutum ya dasa abu a kife? Salon a ce a gidan nan an zautu. Ki zuba ido, kafin bikin Nauruz na sabuwar shekara Inna za ta ga ganye."

Ya caccaka rassan cikin tukwane, ya jera a baranda inda rana ke dukan kansu, gindinsu na kan daɓe mai sanyi. 'Yan sirara karkatattu ya watsar, wai na hura wuta ne. Oydin ta tsince su ta ɓoye.

Ba a daɗe ba ganye ya fito, kore shar. Ergash ya cika wurin shan shayi da labari, ya riƙa jawo maƙwabta har gida su gani. Ya riƙo hannun mahaifiyarsa ya kai ta barandar. Ta shafa ganye ɗaya ta ce, "Ɗana, wannan guzurin da ke cikin sandar yake ci. In ya ƙare fa?" Ergash ya ce a ransa tsufa ne ke damunta.

Ya dasa su a gindin rumfa. Da rana ta fara zafi, ganyen ya yi laushi, ya ƙanƙance. Ya yi ta kwarara ruwa, a banza. Ya kama ɗaya ya ja, sai ya zaro shi kamar cokali daga miya, ko silin saiwa babu. Haka na biyu, haka har na ƙarshe. Ergash ya zauna a ƙasa, baƙin ciki da kunya suka rufe shi, ya rasa bakin da zai gaya wa tsohuwa cewa da hannunsa ya ƙarasa inabinta.

Oydin ta bar shi ya ji a jikinsa, sannan ta ja shi bayan tanderun gurasa. Ga 'yan karkatattun nan da ya watsar. Ashe tuni ta shayar da su ruwan tol, ta binne su a kife, ta tono su ta dasa daidai. Ko ganye babu, sai 'yan idanu da suka fara kumbura. Ergash ya miƙa hannu zai ja ɗaya ya duba, ta buge hannun.

"Baban yara, wallahi ka taɓa sandar nan, sai dai ka nemi mai dafa maka shinkafa."

Jiran nan shi ne aiki mafi wuya da Ergash ya taɓa yi. Kullum yana zuwa ya tsuguna a gabansu, hannuwansa maƙale a hammata, Inna Norbibi na leƙensa ta taga tana dariya. Biyu ne suka kama, suka hau rumfa a hankali. Bayan 'yan shekaru aka tsinko nonon inabi na farko, Ergash ya wanke ya kai mata a faranti. Ta sa ƙwaya ɗaya a baki, ta lumshe ido.

"Shi ne," in ji ta. "Ku fitar min da matashin kaina tsakar gida."

Har yau kuranga biyun nan rabin rumfar kawai suka rufe. Tsohuwa da Oydin suna zama a inuwa, Ergash kuwa ya zaɓar wa kansa ɓangaren rana don ya riƙa tuna abin da gaggawarsa ta jawo, ko an matsa masa wuri ba ya karɓa.

Darasin wannan labari shi ne, abin da zai daɗe daga ɓoye yake fara ƙarfi, inda ido ba ya gani kuma babu mai yabo. Kada saurin nuna wa mutane sakamako ya sa mu tsallake aikin da zai riƙe shi, kuma kada mu raina shawarar na kusa da mu don ta ce mu jira.