Turken Yamma

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, an yi wani sarki mai suna Gwadabe a birnin Dalmatu, birnin da cinsa da shansa suka dogara da wata korama da kakanni suka haƙa da hannu. A bakinta akwai tsofaffin rumfunan jirage, gaban kowace rumfa da turke na ɗaure jirgi, sai turken yamma kaɗai, wanda ake ɗaura wa igiya a saki bakinta cikin ruwa, ba wanda ya san dalili.

Da sarki ya so gina matakalar dutse a wurin, ya umarci wani matuƙin jirgi mai suna Jatau ya tumɓuke turken, aka kai itacen murhun fada. Kafin la'asar ruwa ya janye, jirage suka kwanta cikin laka. Sarki ya yi shela cewa duk wanda ya dawo da ruwa zai ba shi 'yarsa, Gimbiya Saudatu.

Jatau yana da matarsa Tabawa, bai nemi gimbiya ba. Amma sarki ya ce, "Hannun da ya cire shi ne zai gyara." Aka haɗa shi da ɗan Waziri mai neman gimbiya, suka bi busasshiyar koramar har bakin kogi, inda suka iske wata aljana tana taje gashinta.

Ta ce, "Ya ku 'yan Adam, ruwan nan dabbata ce, da igiyar turken yamma kuke riƙe da ita. Kun ƙone mataccen turke, yanzu turke mai rai nake so."

Ɗan Waziri ya dubi Jatau. Jatau ya dubi ƙasa.

Suka komo. Jatau ya tsaya cikin ramin turken, aka ɗaura masa igiya, ya sandare ya zama itace, ruwa ya taho yana ruri. Ɗan Waziri ya riga kowa kai albishir fada, aka ba shi gimbiya.

Ranar biki jirgin amarya ya iso rumfar yamma, Tabawa na zaune jikin turken. Wani dogari ya ce, "Ke, matsa mana, za mu ɗaure jirgi!"

Ta matsa. Da ta ga yana tamke igiya da ƙarfi, ta ce a hankali, "Don Allah, Malam, sassauta. Kafaɗarsa ta dama tana ciwo."

Kiɗa ya yi yawa, bai ji ta ba.