Kujerar da Tabita Ta Samu

A rigimar Sarkin Ingila da Majalisa, Tabita ta rasa miji, ta samu kujera.

Sarki ya ce a yi addu'a a durƙushe, Majalisa ta ce a tsaye. Alƙali ya ƙwace gonar Tabita, wai sai ta bi dokokin biyu lokaci guda.

"Ranka ya daɗe, ban yi karatu ba," in ji ta. "Yi a gabana in koya."

Alƙali ya dubi wakilin Sarki a dama, na Majalisa a hagu, ya manne a kujerarsa.

"Baiwar Allah, karɓi gonarki ki tafi."

"Gona ai tawa ce dama. Ƙara mini kujerar nan. Na ga a kanta kaɗai addu'a ba ta jawo ɗauri."