Maraƙi Mai Gemu

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne."

Wani mutum ne wai shi Mijinyawa. Rowarsa ta kai in ƙuda ya faɗa masa a koko, sai ya tsotse ƙudan kafin ya yar. Suna da saniya guda, shi da matarsa Tabawa, sunanta Gudale. Uwar Tabawa, Inna Yalwa, ita ta ba su, kuma da sharaɗi ta bayar. Ta ce, "Duk ranar da na zo na tarar da ƙwarya a bushe, zan kora saniyata gida."

Ana nan, sai Gudale ta haifi ɗan maraƙi ja. Kullum da safe Tabawa sai ta kwance shi, ya ruga ya kama nono, yana tunkuyin hantsa. In nono ya sauko sai ta janye shi, ta ɗaure shi a jikin ƙafar uwar, ta tatsa, ta bar masa saura. Mijinyawa yana gefe yana kallo, ransa yana ƙuna.

Ran nan ya ce, "Tabawa, wannan ɗan banzan yana noma ne?"

Ta ce, "A'a, maigida."

"Yana ɗebo ruwa?"

"A'a."

"To don me shi ne farkon sha, shi ne ƙarshen sha, ni mai gidan ina tsakiya?"

Tabawa ta ce, "Maigida, saniya ba don ƙwarya take yin nono ba, don ɗanta take yi. Mu ɗin albarkacinsa muke ci."

Wannan magana ta ɓata masa rai ƙwarai. Ranar Lahadi, Tabawa ta tafi rijiya, sai ya ja maraƙin zuwa rugar wani Bafulatani mai suna Ja'e. Ya musanya shi da rago da wata ƙatuwar ƙwarya, wai don ta ɗauke nonon da zai ƙaru. Yana dawowa sai ga saƙo: Inna Yalwa tana tafe ranar Laraba.

Mijinyawa ya ce, "Madalla. Ta zo ta ga yadda ake kiwo."

Litinin da safe Tabawa ta tsuguna da sabuwar ƙwarya. Ta ja, ta matsa, ko ɗigo. Gudale ta ɗauke nononta, sai kuka take tana duban inda ake ɗaure ɗanta. Sai Mijinyawa ya ce yunwa ce. Ya buɗe rumbun da ko ɓera ba ya bari ya leƙa. Ya kawo dusa, ya kawo harawa, ya jiƙa kanwa, yana zubawa yana ƙwalla. Gudale ta cinye tas, ta sha ruwa, ta kwanta tana tuƙa. Aka sake gwadawa, ko ɗigo.

Talata da safe ya ce, "Ɗa take so? Ga ɗa." Sai ya jawo ragon nan ya tura shi ƙarƙashinta. Gudale ta sunsuna rago, ta dubi Mijinyawa. Ba ta taɓa ragon ba, don ta san ba shi da laifi. Sai ta auna Mijinyawa, ta sakar masa shuri, sai ga shi zaune daram a cikin sabuwar ƙwarya.

Tabawa ta ce, "To, yau dai ƙwarya ta cika."

Yanzu tsoro ya kama shi, don gobe Laraba, kuma Inna Yalwa ba ta magana biyu. Sai ya ɗingisa ya koma ruga. Ja'e ya ji labari, ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce, "Kawo ragona da ƙwaryata, ka ɗauki maraƙinka."

Mijinyawa ya ce, "Abin da ya shiga gidana ba ya fita. Dabara nake so."

Ja'e ya ce, "To, mu in maraƙi ya mutu, mukan cusa ciyawa a fatarsa, mu barbaɗa gishiri, mu tsayar a gaban uwar. Tana lasa, sai ta saki nono. Amma fa sai fatar ɗanta na cikinta, don ƙamshinsa take..."

Kafin ya rufe baki, Mijinyawa ya fizgi wata tsohuwar fatar maraƙi da ke rataye, ya yi gaba.

Laraba da sassafe ya ɗebo ciyawa zai cusa. Sai ya tsaya ya dubi ciyawar. Ya ce, "Wannan ai abinci ce. In zuba abinci a cikin mataccen abu? Ni zan shiga." Ya yafa fata, Tabawa ta ɗaure masa ita da igiya, ta barbaɗa masa gishiri har kan sanƙonsa. Ya rarrafa gaban Gudale yana cewa, "Mbee, mbee."

Gudale ta ji gishiri, sai ta miƙo harshe. Ku kuwa kun san harshen saniya, kamar magagari yake. Ta lashi fata, ta lashi ƙeya, ta kai kan sanƙo ta zauna a nan. Ta yi ta lasa har sanƙon ya yi ja kamar gauta.

Yana cije baki yana tambaya, "Ya sauko?"

Tabawa ta ce, "Ko ɗigo."

Sai suka ji, "Salamu alaikum, masu gida."

Inna Yalwa ce, ta yi sammako. Mijinyawa ya daskare. In ya tashi, surukuwa za ta gan shi cikin fata. In ya yi magana, za ta ji muryarsa. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce a ransa gara ya ƙare a maraƙi.

Inna Yalwa ta ajiye kayanta, ta zagaya shi sau ɗaya. Ta ce, "Tabawa, ina mai gidan?"

Tabawa ta danne dariya da bakin zane, ta ce, "Yana kusa, Inna."

"Wannan ne maraƙin? Kai, ya rame. Tsutsar ciki ce. Jiƙo mini maɗaci."

Aka jiƙo maɗaci. Ta matse kansa a hammata, ta ɗura masa ludayi uku. Ɗaci ya kai masa har ɗan yatsan ƙafa, amma ya daure ya ce, "Mbee."

Ta shafa haɓarsa, ta ce, "Ikon Allah, maraƙi da gemu. Nan kaska take ɓuya." Sai ta shiga tsige masa gemu, ɗai-ɗai, tana cewa ga wata, ga wata. Hawaye yana zuba, ya ce, "Mbee."

Ta koma bayansa ta daddanna, ta ce, "Ashe har ɗingishi yake. Cinyar ta kumbura, sai lalas. Tabawa, sa mini ƙarfe a wuta."

Ƙarfe ya yi ja. Mijinyawa ya ji ɗuminsa yana matso cinyarsa. A nan ido ya raina fata. Sai ya ce da 'yar ƙaramar murya, "Inna, ina kwana. Kin zo lafiya?"

Inna Yalwa ta ce, "Lafiya lau. Tun daga zaure na gane ka. Ban taɓa ganin maraƙi da faso a dunduniya ba."

Ashe ta rugar Ja'e ta biyo, ta ga jan maraƙin yana ƙin kiwo, ta gane jinin saniyarta. Ta ce wa Ja'e ya biyo ta da shi. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Ja'e, sako shi."

Maraƙi ya yi kuka daga zaure. Gudale ta amsa. Tun bai iso ba nono ya fara tsiyaya, yana ɗiga a kan jan sanƙon Mijinyawa. Maraƙi ya ture shi gefe, ya kama, ya sha ya ƙoshi. Sannan Tabawa ta tatsa a tsohuwar ƙwaryarsu, ta cika har da kumfa.

Ja'e ya kwance ragonsa, ya ɗauki ƙwaryarsa, ya tsaya jiran fatarsa. Inna Yalwa ta ce, "Na tarar da nono, saniya ta zauna. Amma daga yau kan nono biyu na maraƙi ne, biyu na gida."

Mijinyawa ya ce, "To, Inna."

Aka dama fura, aka miƙa masa. Ya kurɓa, ya ji duk ɗacin maɗaci. Ya dubi maraƙin da ke kwance yana lasar baki. Tabawa ta ce, "Maigida, yana noma ne?"

Mijinyawa ya shafa sanƙonsa a hankali, ya ce, "Ƙyale shi. Na riƙe masa aikinsa na safiya ɗaya, ya fi noma wuya."

Ƙurunƙus kan ƙusu, ta ƙare a nan. Wanda ya hana mai abu rabonsa, nasa rabon yake zubarwa. Kai mai dariya a baya, gobe in an tatsa, ka bar wa maraƙi nasa.