Tsinken Baya Shi Ne Shaidata

Akwai wani dattijo a wani ƙaramin gari da ke arewacin Tasmaniya, wani tsibiri na ƙasar Ostareliya, sunansa Des Tatnell. Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran injuna a masana'antar cuku kafin ya yi ritaya. Hannunsa na da albarka, wannan babu gardama. Amma fa akwai kafiya, kuma bai taɓa yarda cewa wani ya fi shi sanin ƙarfe ba.

Babban amininsa shi ne Noel Pybus, tsohon mai askin tumaki. Tun suna samari suke buga kiribej tare, wato kartar nan da ake lissafa makinta a kan allon katako mai ƙananan ramuka. Kowa da layinsa, kowa da tsinke biyu. In ka ci maki sai ka ciro tsinken baya, ka tsallake na gaba, ka ƙirga ramuka ka soke. Wanda ya fara kaiwa rami na ɗari da ashirin da ɗaya shi ya cinye.

Duk Alhamis da ƙarfe biyu na rana suna haɗuwa a rumfar dattawa, inda tsofaffin garin ke taruwa su yi 'yan sassaƙe-sassaƙe, su sha shayi, su tsokani juna. Teburin kusa da murhu nasu ne, kowa ya sani.

To, sai ciwon karkarwa ya kama hannun Noel. Hannun da yake kayar da rago da murɗa ɗaya, yanzu tsinke ya gagare shi. Sai ya nufi wannan rami ya faɗa wancan.

Wata Alhamis ya zauna wasa da Graeme Lockyer, wani baƙo da bai fi wata uku da tarewa a garin ba. Noel ya ci maki takwas. Ya ɗaga tsinke, hannu ya yi rawa, tsinke ya sauka a rami na goma sha ɗaya.

Graeme ya leƙa allo, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Takwas ka ce, malam. Ga sha ɗaya ina gani. A garinmu wannan sata muke ce mata."

Rumfa ta yi tsit. Noel ya miƙe. Ya ajiye kartarsa, ya ɗauki hularsa ya fita cikin ruwan sama, ko rigar sanyinsa bai tsaya ɗauka ba. Allah sarki, mutumin da bai taɓa cin ko allurar wani ba.

Alhamis uku suka wuce, kujerarsa na nan wayam. Des ya kai masa rigar har gida, Lorraine matar Noel ta tare shi a ƙofa.

"Ya ce shi da karta har abada," in ji ta. "Wuni yake yi a baranda yana kallon kaji. Abinci ma sai na yi da gaske. Des, in bai koma rumfar nan ba, ina tsoron zaman nan ne zai kai shi ƙasa."

Maganar ta soki Des a zuciya. Kafin ya isa gida ya riga ya yanke shawara: zai ƙera allon da ba ya buƙatar tsinke a hannu.

Ya samo katakon tsohuwar ƙofar rumbun tuffa. Ya farke agogon bangon marigayiyar matarsa ya ciro faifai masu haƙora. Ya haɗa da siririyar sarƙa da sifirin. Kowane ɗan wasa ya yi masa madanni mai faɗin tafin hannu. Dannawa ɗaya, ɗan ƙarfen tagulla ya matsa rami ɗaya. In ya kai ƙarshe, sai ƙararrawar keke ta kaɗa, a san an cinye.

Mako shida yana kai. Wata rana Lorraine ta kawo masa miyar kabewa a garejinsa, ta tsaya tana kallon abin.

"Ka tambaye shi kuwa?"

"In tambaye shi me?"

"Yadda yake so. Ai nasa ne."

Des ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Lorraine! Mai askin tumaki zan tambaya yadda ake haɗa inji? Mutumin da ko fitilar hannu ta mutu sai ya kawo min?"

Ta ajiye kwanon ta tafi.

Ranar da ya gama, ya naɗe allon a bargo ya kai gidan Noel, yana tafe yana fito. Ya ɗora a kan teburin baranda ya yaye bargon.

"Ga shi, tsoho. Danna ka gani."

Noel ya ɗora hannunsa mai rawa a kan madanni. Ƙas, ƙas, ƙas, ɗan tagulla yana tafiya rami bayan rami. Des ya sa shi ya yi ta dannawa har ƙarshe. Ƙararrawa ta kaɗa da ƙarfi, har kaji suka watse. Noel ko ɗaga kai bai yi ba.

Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ina tsinken baya?"

"Wane tsinken baya kuma? Ai ba a buƙatarsa. Inji ne ke tafiya da kansa."

"In na ci takwas, hannuna ya danna tara, wa zai sani?"

"Babu wanda zai sani. To ba shi ke nan ba? Ka huta da bakin mutane."

Nan fa idon Noel ya kaɗa ya yi ja. "Des, shekara arba'in da wani abu muna wasan nan, ashe ba ka san amfanin tsinken baya ba? Shi ke nuna daga inda na taso. Duk mai shakka ya ƙirga tsakanin tsinken biyu ya gani da idonsa. Shi ne shaidata. An ce min ɓarawo a gaban mutane, kai kuma ka kawo min allon da ba wanda zai iya kama ni a kai. In ba za a iya kama ni ba, ta yaya za a wanke ni?"

"Mako shida na yi a kan abin nan!"

"Na gode. Amma ba zan zauna a gabansa ba."

Ran Des ya ɓaci iyakar ɓaci. Ya naɗe kayansa fuu, ya nufi ƙofa. Lorraine ta biyo shi har bakin mota ta ce a hankali, "Ƙararrawar taka ma bai ji ba. Ƙarar injin aski ta daɗe da cinye masa kunne. Ka manta sai ka ɗaga murya kake masa magana?"

Wallahi Des ya manta. Kullum yana yi wa mutumin nan ihu a kunne, amma da ya zo ƙira, kunnen kansa ya yi wa ƙararrawa.

Kwana biyu yana cika yana batsewa shi kaɗai a gida. A rana ta uku ya ɗauko tsohon allonsu na katako, ya soke tsinke biyu ya zauna yana kallo. Kunya ta rufe shi. Ya gane ba don Noel kaɗai ya yi aikin nan ba, har da son a ce Des gwani ne.

Da safe ya koma da takarda da fensir. Ya ja kujera kusa da Noel ya ɗaga murya. "Na kasa, mutumina. Faɗa min yadda kake so, ni in yi."

Noel ya kalle shi sama da ƙasa. "Lorraine! Zo ki ji abin al'ajabi. Des Tatnell ya ce ya kasa. Kawo shayi kafin ya canza magana."

Ashe mai askin tumakin yana da dabara a kansa. Ya tuna sakatar ƙofar da suke ware tumaki da ita, wadda ba ta buɗuwa sai an ture ta da gwiwa. Ya ce a ƙara ɗan ƙarfe na biyu a madadin tsinken baya, a yi masa irinta. Wannan ɗan ƙarfen ya tsaya cak a inda aka taso, kada ya motsa sai abokin wasa ya duba ya gamsu ya ture sakatar da hannunsa, sannan ya biyo na gaba.

"Abokin wasa fa, ba ni ba," in ji Noel. "Shaida ba ta zama a hannun wanda ake tuhuma."

Maimakon ƙararrawa kuwa, ya ce a sassaƙa ɗan rago na katako mai nauyi. In an kai ramin ƙarshe, ragon ya yi tsalle daga cikin allo ya doki teburi, yadda zai gani da ido kuma ya ji bugun a damtsensa.

Des ya so ya yi musu, ya haɗiye. Ya rubuta komai. Mako huɗu suka yi suna aikin tare a gareji, Des na gogar ƙarfe, Noel na zaune a kan bokiti yana kushe. Sau uku ragon ya maƙale. Sau ɗaya ya yi tsallen da ya faɗa cikin kofin shayi. A ranar ne Lorraine ta ji dariyar mijinta, karo na farko tun abin da ya faru.

Alhamis ɗin da suka shiga rumfa da allon, kowa ya bar abin da yake yi. Des ya ja kujera zai zauna, Noel ya dafa shi.

"Ba kai ba. Graeme, zo ka zauna."

Graeme ya taso jiki a sanyaye. An riga an faɗa masa ciwon Noel tun ranar da abin ya faru, amma girman kai ya hana shi zuwa ba da haƙuri. Noel ya nuna masa sakatar. "Wannan taka ce. Kada ka ture ta sai ka ƙirga ka yarda."

Wasa ya yi zafi, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Des na tsaye a baya, tsoronsa kada inji ya ba shi kunya. A zagayen ƙarshe Noel na rami na ɗari da takwas, Graeme na ɗari da goma sha biyu. Graeme ne ya raba kati, don haka Noel ne zai fara lissafi.

Ya baje katinsa, bakwai biyu da takwas biyu. Ya ƙirga da ƙarfi yadda aka saba, duk haɗin da ya ba da goma sha biyar maki biyu ne, haka ma duk kati biyu masu lamba ɗaya, wato tagwaye. "Sha biyar biyu, sha biyar huɗu, sha biyar shida, sha biyar takwas, da tagwaye biyu. Sha biyu."

Ya fara dannawa. Ƙas, ƙas, ƙas. Can sai rago ya yi tsalle ya doki teburi, dum!

Rumfa ta kaure da ihu da tafi. Des ya ɗaga hannu biyu sama, ga inji ya yi aiki, ga amininsa ya cinye. Graeme ya miƙo hannu zai gaisa.

Noel bai karɓa ba. "Dakata. Ƙirga daga tsinken baya."

"Bar shi kawai, Noel. Ka ci."

"Kada ka ji tausayina, na fi tsanar wannan a kan zagi. Ƙirga!"

Graeme ya sa yatsa ya ƙirga daga shaidar zuwa ƙarshe, kowa na kallo. Muryarsa ta yi ƙasa. "Sha uku."

"Ni kuma sha biyu na ci. Hannun nan ne ya ƙara ɗaya, na ji lokacin da ya yi. Des, mayar da ragon nan ɗakinsa, ka janye ni rami ɗaya."

Des ya san abin da hakan ke nufi, kowa ma ya sani. Saura rami ɗaya tal, kuma yanzu Graeme ne zai yi lissafi. Ya tura ragon ciki, ya janye ɗan tagullar zuwa ɗari da ashirin.

Graeme ya buɗe katinsa, maki goma. Tara yake nema. Ya danna, rago ya sake tsalle, wannan karon nasa ne. Ba wanda ya tafa.

Graeme ya miƙe tsaye ya cire hularsa. "Jama'a, a nan na ce wa mutumin nan ɓarawo, a nan zan janye. Na yi ƙarya, na zalunce shi. Noel, ka yafe min."

Noel ya kama kunnensa. "Me ya ce?"

"Ya ce ka yafe masa!" in ji Des da ƙarfi.

"Na ji tun farko, so nake ya maimaita." Rumfa ta fashe da dariya. Ya tura wa Graeme kartar. "Zauna ka raba, yaro. Yau sai na yi maka aski irin na tumaki."

Des ya juya ya nufi wajen butar shayi, wai zai ƙara ruwa. Butar a cike take. Hawaye ne ba ya so a gani.

Har yau allon na kan teburin kusa da murhu, Noel kuma bai sake fashin Alhamis ba. A gefen allon Des ya ƙona rubutu a jikin katako da ƙarfe mai zafi. Sunan Noel Pybus ya fara sawa a matsayin wanda ya tsara, nasa na ƙasa a matsayin wanda ya haɗa.

Darasi: In za ka taimaki mutum, zauna ka tambaye shi abin da ke damunsa kafin ka ɗauko kayan aiki, komai gwanintarka. Des ya ɗauka sauƙi amininsa yake nema, ashe mutuncinsa yake so a dawo masa da shi. Kuma kada ka yi saurin jifan wani da mummunar kalma, ba ka san lalurar da yake fama da ita ba. In akwai wani dattijo naku da ya daina fitowa cikin mutane, ku je ku duba shi. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, wataƙila wani ya amfana.