Haladu Mai Faci da Motar Alhaji Sallau

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Ba a zamanin da can ba ne, a wannan zamani namu ne na motocin da ba sa shan mai. Sunansa Haladu, sana'arsa faci. Rumfarsa na bakin titi daura da tasha, ga injin ba da iska, ga bahon ruwa na neman huda. Mutum ne mai sanyin hali. In ka kawo masa taya ya ga lafiyarta lau, sai ya ce ɗauki abarka ka tafi. Da wannan aka san shi.

A garin akwai wani attajiri, Alhaji Sallau, da ya sayi motar lantarki, irin wadda ake jona wa wuta kamar waya. Motar nan nauyi gare ta saboda batirin da ke ƙarƙashinta, shi ya sa take cin taya da wuri. Da tayoyin suka suɗe, Alhaji ya sayo sababbi daga birni, ya ce wa direbansa Isyaku ya kai wa Haladu ya sa.

To ku saurara. Ranar nan mutane suka cika rumfar suna kallo, ana cewa yau Haladu ya shiga sahun manya. Ya ji daɗi, ɗan Adam ne. A cikin kowace tayar motar akwai wata 'yar na'ura manne da bawul, wato bakin da ake ba taya iska ta nan. Ita ce ke sanar da mota in iska ta ragu, sai wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba. Haladu ya taɓa jin labarinta, amma bai taɓa aiki a kanta ba. Yana ɓanɓare tayar baya, ya danna ƙarfe, sai ya ji ƙas! Ya leƙa. Na'urar ta tsage.

Injin iska na ta ruri, ba wanda ya ji. Ya ɗaga kai ya ga idanun mutane a kansa, kunya ta lulluɓe shi. Sai ya ɗora sabuwar taya, ya rufe, ya yi shiru.

Bayan kwana biyu Isyaku ya dawo. Ya ce, "Malam Haladu, fitilar iska ta kama, ta ƙi mutuwa. Duba mana."

Haladu ya durƙusa ya gwada tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Iska daidai take."

Kun ji? Bai yi ƙarya ba. Iska daidai take. Amma ya san abin da ya rage bai faɗa ba.

Fitila ta ci gaba da ci. Kullum Alhaji ya shiga mota ita yake fara gani, har abin ya ishe shi. Sai wani daga cikin masu zama a majalisarsa ya raɗa masa cewa ai direbobi sukan cire sababbin tayoyi su sayar, su maye da na gwanjo, ita kuma mota mai na'ura ba a yi mata wayo. Alhaji bai bincika ba. A ƙofar gidansa, a gaban jama'a, ya karɓe makulli daga hannun Isyaku, ya kira shi ɓarawo. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kai masa 'ya'ya makaranta!

Washegari Isyaku ya biyo ta rumfar Haladu a ƙasa. Ya yi sallama, ya zauna a kan benci. Ya ce, "Malam, ba don in ja ka cikin magana na zo ba. Ka dai taya ni da addu'a, Allah Ya bayyana gaskiya."

Haladu ya ce amin. Addu'a ake roƙonsa, jama'a, alhali gaskiyar da ake nema tana cikin bakinsa.

Ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa Tabawa ta matsa masa da tambaya, har ya faɗa mata komai. Ta ce, "Malam, in ka faɗa, ban san wanda zai sake kawo maka taya ba. Amma in ka yi shiru, da wane ido zan kalli matar Isyaku in mun haɗu a gidan suna?"

Bayan la'asar ya sa hularsa ya nufi gidan Alhaji. Majalisa ta cika. Ya gaishe su, ya durƙusa, ya ce yana da magana a kan motar.

Alhaji ya ce, "Taso mu shiga ciki."

Haladu ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. A nan aka kira shi ɓarawo, a nan ya kamata a ji. Isyaku bai taɓa tayarka ba. Ni na fasa na'urar da ke cikin tayar baya ranar da nake sa ta. Na gani da idona, na ji kunyar mutane, na rufe. Ya dawo ya tambaye ni, na sake rufewa."

Yana magana kansa na ƙasa. Alhaji ya miƙe tsaye. Ya ce, "Kana ji kana gani na ci mutuncin bawan Allah, ka yi shiru?"

"Na yi shiru, Alhaji. Ba ni da abin cewa."

Aka kira bakanike ya buɗe tayar, ga na'ura nan a tsage. Wanda ya yi raɗar nan ya sulale ya bar wurin. Alhaji kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Da ƙafarsa ya taka har gidan Isyaku, ya tsaya a ƙofa, ya nemi gafara, maƙwabta na kallo.

Kada ku zaci an yi wa Haladu tafi. Alhaji bai sake aika masa mota ba. An daɗe 'yan tasha na yi masa ba'a, ciniki ya ja baya, shi kuwa bai taɓa mayar wa kowa magana ba. Isyaku ma sai da ya ɗauki lokaci kafin ya zo. Da ya zo, ya ce, "Ka daɗe ba ka faɗa ba, Malam. Na sha wuya. Amma ka faɗa, kuma ba wanda ya tilasta ka. Na yafe." Haladu ya rufe fuska da hannu ya yi kuka.

To jama'a, kunya biyu ce a labarin nan. Ta farko kunyar mutane ce, ita ta sa shi ɓoye kuskure, har kuskuren ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ta biyu kunyar Allah ce, ita ta kai shi ya durƙusa a gaban majalisa. Ba wanda ba ya kuskure a aikinsa. Tela na ɓata yadi, magini na karkatar da bango, ma'aikaci na ɓatar da takarda. Sai dai in ka ɓata ka yi shiru, ka sani wani ne zai ɗauki laifin, kuma yawanci wanda ya fi ka rauni ne. Kowa ya duba kansa. In akwai wanda ake zargi yau a kan abin da kai ka yi, kada ka kwana ba ka je ka wanke shi ba, kuma ka wanke shi a inda aka ɓata shi. Kai kuma mai gida, ka bincika kafin ka kira mutum ɓarawo. Allah Ya ba mu kunyar da za ta amfane mu ranar tsayuwa a gabanSa.