Bangon Tanimu Bahago

Ku matso, ga wata nan ta zo muku, kuma a gidanmu aka yi ta, ba a bakin wani na tsinto ba. Ni ne Ɗanliti, wanda ya sallami makaranta tun a aji biyu, don na ga malaman sun fara maimaita abin da na riga na sani.

Kakanmu Tanimu Bahago magini ne a birnin Zariya. Da zai auro kakarmu, Iya Tabawa, shi ya gina mata ɗaki, ya zane bangon da hannunsa: dagi a tsakiya, 'yar tsuntsuwa a gefe. Ya daɗe da rasuwa, amma kullum da hantsi Iya kan shimfiɗa tabarma ta jingina da bangon nan. Daminar bara ruwa ya kwantar da shi. Abin da ya tsira guntu ɗaya ne kamar tafin hannu, mai shatin babban yatsan Tanimu. Iya ta ƙulle shi a bakin zanenta, ta daina cin abinci.

Na ce mata, "Haba amaryata, ga ni da raina kike yi wa bango takaba?"

Ko harara ba ta yi mini ba. Nan na san abin ya yi tsanani.

Sai jikokinta uku, ƙannena, waɗanda duk a wurina suka ɗebi basira, suka ce za su tayar da bangon a cikin waya, yadda in ka ɗaga ta ka saita filin, za ka gan shi tsaye a inda yake a da.

Haladu ya bi dangi gida-gida yana karɓar tsofaffin hotunan biki da na suna. Ba ruwansa da amare, bayansu yake kallo. Nan kunnen dagi ya leƙo ta saman ɗankwali, can wutsiyar tsuntsuwa a ƙarƙashin hammatar ango. Ya harhaɗa su a kwamfuta har bango ya tashi da tsawonsa da kaurinsa. Aka nuna wa Iya. Ta ce, "Wannan ai bangon banki ne," ta juya baya.

Zinatu, gwanar zane-zane, ta gano matsalar: kwamfuta ta miƙar da duk layin da Tanimu ya karkatar, ta goge bangon sumul. Ta kwaɓa ƙasa da makuba, ta shafa a kan allo da hannun hagu, tunda da shi kakanmu yake aiki, ta ɗauki hoton sawun yatsun, ta lulluɓe bangon Haladu da shi. Ta mayar da karkacewar, ta kashe kaifin shuɗin kamar wanda ya sha rana, har duhun nan na inda bayan Iya ya goge sai da ta sa. Iya ta duba, ta ƙara dubawa. Amma da aka motsa wayar sai bangon ya tashi sama yana lilo, ya zo ya zauna a kaina. Ni kuwa na zaga unguwa ina shaida wa yara cewa na ɗauki gida a ka. Iya ta ce, "Ku raba ni da aikin aljanu."

Barira ce ta ɗaure shi a ƙasa. Ta koya wa wayar gane tsohon harsashin ginin da gindin dabinon tsakar gida, har bangon ya tsaya cak, ko ta ina ka zago. Ta sa inuwarsa tana bin rana, ta sa in mutum ya gifta ta gabansa ya tare shi kamar bangon gaske. Na aika akuya ta gwada mana, ta wuce ta gabansa lafiya.

Da hantsi aka shimfiɗa wa Iya tabarma a wurinta na da, Barira ta juyo mata fuskar wayar. Ta ga kanta zaune, bangon Tanimu a bayanta, tsuntsuwa daidai kafaɗarta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ke Zinatu, babu ɗumame a gidan nan ne? Kuna so ku kashe ni da yunwa?"

Ta cinye, ta kwance bakin zane, ta ce guntun nan na wanda ya dawo mata da bangonta ne. Na miƙa hannu, ta buge shi. Na ce to a fasa uku.

Ta ce, "Yatsan mijina za a fasa? Ɗaya zan ba."

Yau a unguwarmu har layi ake yi don kallon bangon, amma guntun yana nan a ƙulle. Ba don Haladu ba, babu bangon. Ba don Zinatu ba, ba na Tanimu ba ne. Ba don Barira ba, da har yanzu yana kaina.

To jama'a, tunda ni an zalunce ni, wa za ta ba a cikinsu?